Keita da ma'aunin abin kallo

Duk wanda ya buɗe littattafan da ake rubutawa domin jagorantar baƙi a Nijar zai tarar da jeri ɗaya ake nanatawa: masallacin Agadas, raƙuman dawa na Kure, fadar Sarkin Damagaram. In aka zo kan Madawa, Buza da Keita, sai alƙalami ya ƙara sauri, kamar direban da ke son shiga Maraɗi kafin magariba. Laifin ma'auni ne. Marubutan sun ɗauka abin kallo shi ne tsohon gini ko dabbar da babu irinta.

A duba Keita, ƙaramin gari a tsakiyar duwatsun Adar. A shekarar 1984, cikin tsananin fari, aka soma shirin raya karkara da kuɗin Italiya, tare da hukumomin abinci da noma na Majalisar Ɗinkin Duniya. Maza sun tafi ci-rani, saboda haka mata ne mafi yawan ma'aikata. Su suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su a kan faƙo, suka haƙa ramukan tare ruwa a jikin tuddai, aka dasa miliyoyin itatuwa, ana biyansu da abinci. A kwarin Majiya kuwa, wajen Buza, tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro domin kare gonaki daga iska. Madawa tana da albasar kwarin Tarka da tabarmin kaba. Wane gini ne ya fi waɗannan ba da labarin mutanensa?

A Japan, gwamnan jihar Oita ya ƙaddamar da tsarin "kowane ƙauye da hajarsa" a 1979, ƙananan garuruwa suka koyi yin alfahari da abin da hannunsu ya samar. Mu kuwa ɗalibinmu yana haddace kogunan Turai, bai san wadda ta jera duwatsun bayan gidansu ba.

Matan nan tsufa ya cim musu, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Ya kamata malamai su fita da ɗalibai zuwa tuddan, ƙungiyoyin al'adu kuma su ɗauki muryoyin waɗanda suka rage, su rubuta da Hausa da Tamajak. In ba a yi haka ba, jerin duwatsun zai saura, amma ba wanda zai iya faɗin sunan mai shi.