Yatsu Goma, Makaɗa Ashirin: Fiyanon Ligeti Ya Tafi Da Ni

Duk mai cewa kiɗan fiyano na zamani hayaniya ce kawai, wallahi bai ji Études na György Ligeti ba. Guntayen kaɗe-kaɗe ne guda 18. Ya soma rubuta su a 1985, lokacin ya haura shekara sittin, ya kai har 2001 yana ƙari, kuma shidan farko kaɗai suka ciyo masa lambar yabo ta Grawemeyer a 1986. A kunnena, babu abin da aka rubuta wa fiyano a ƙarshen ƙarnin jiya da ya kamo ƙafarsu.

Na farkon, Désordre, shi ke fizgar mutum. Hannun dama farare kawai yake taɓawa cikin maɓallan, hagu kuma baƙaƙe zalla. Tare suke tashi, sai dama ya riƙa rage bugu ɗaya-ɗaya yana tserewa, hagu na nan kan bakansa, har ka rantse mutum biyu ne a zaune. Kamar lugude yake: kowace taɓarya da lokacinta, amma turmi ɗaya. Ba banza ba kuwa, domin Ligeti ya daɗe yana sauraron naɗe-naɗen da masanin kiɗa Simha Arom ya yi a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, na mabusan ƙaho 'yan Banda Linda, inda kowa ke busa sautinsa guda, kiɗan ya fito daga saƙuwar juna. Wannan hikimar ya ɗora wa yatsun mutum ɗaya!

A Touches bloquées kuma dabara ce mai ban sha'awa: hannu ɗaya ya danne wasu maɓallai shiru, ɗayan ya bi ta kansu a guje, sai kiɗan ya riƙa tuntuɓe yana ɗingishi cikin gudu.

Amma wanda ya kama ni a zuciya shi ne na shida, Automne à Varsovie. Sauti ne mai gangarowa a hankali, irin na mai kuka, sai wani ya biyo shi da saurinsa daban, wani ma ya shigo, suna ta sauka a kan juna har komai ya rufta can ƙasan fiyano. Ligeti Bayahude ne ɗan Hangare, mahaifinsa da ƙaninsa sun mutu a sansanonin 'yan Nazi, shi kuma ya tsere daga ƙasarsa a 1956. Ba na iya jin wannan kiɗa ban tuna haka ba, kuma idona kan cika.

Sai na 13, L'escalier du diable, mai hawa yana ta hawa ba hutu, inda Ligeti ya jera alamar ƙarfin bugu har sau takwas.

Ku nemi faifan Bafaranshen nan Pierre-Laurent Aimard na kamfanin Sony, mutumin da ya yi aiki da Ligeti ido da ido. Kowane layi fes yake fitowa a hannunsa, ko a inda gudun ya kai maƙura. In kun gama, ku ɗora da African Rhythms na 2003, inda aka jera bugun Aimard da waƙoƙin mutanen Aka na Afirka ta Tsakiya a faifai guda.