Ƙaddara da Zaɓi a Littafin Les Impatientes na Djaïli Amadou Amal

1.0 Gabatarwa

Shin ɗan Adam shi yake zaɓar abin da yake aikatawa, ko kuwa tafiya kawai yake yi a kan abin da aka riga aka rubuta masa? Malaman tauhidi sun daɗe suna wannan muhawara. Jabariyya sun ce bawa ba shi da zaɓi ko kaɗan. Mu'utazilawa sun ce shi ne mai samar da aikinsa. Imam Ash'ari ya bi tsakiya da ra'ayin kasabu, wato Allah ke halittar aiki, amma bawa ke ɗaukar alhakinsa saboda niyyarsa. Wannan takarda za ta duba yadda wata marubuciya daga arewacin Kamaru ta shigo da muhawarar cikin ɗakin amarya.

2.0 Marubuciya da Littafin

An haifi Djaïli Amadou Amal a Marwa a 1975. Littafin ya fara fitowa da Faransanci a 2017 da sunan Munyal, kalmar Fulatanci mai nufin haƙuri. An sake fitar da shi a Faransa a 2020 da sunan Les Impatientes, wato marasa haƙuri, ya kuma ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a shekarar. A Marwa labarin ya gudana, amma mai karatu a Garwa ko Kano ba zai ga baƙon abu a gidajen da aka siffanta ba.

3.0 Warwarar Jigo

An kasa littafin gida uku, kowace tauraruwa tana ba da labarinta da bakinta. Ramla tana son yin karatu, tana kuma da saurayinta Aminu, sai baffanta ya ba da ita ga attajiri Alhaji Isa. 'Yar'uwarta Hindu an aurar da ita ga ɗan baffanta Mubarak, mashayi mai dukan mace. Safira kuwa ita ce uwargidan da aka yi wa kishiya da Ramla.

Dukkansu nasiha ɗaya ake yi musu: a yi haƙuri. A nan ne gwanintar marubuciyar ta fito, domin kafin a kira auren Ramla ƙaddara, ta riga ta nuna wa mai karatu wanda ya yanke shawarar da kuma abin da ya hango a dukiyar ango. Ashe abin da aka ce wa yarinya rubutacce ne, zaɓin wani ne aka lulluɓe da rigar ƙaddara. Hausawa kan ce ƙaddara ta riga fata, amma su ne kuma suka ce abin da mutum ya shuka shi zai girba. Manyan gidan sun miƙa wa 'ya'yansu karin maganar farko, sun manta ta biyu tana jiran su.

Matan uku amsoshi uku ne. Hindu ta yi haƙuri har hankalinta ya gushe, dangi suka ce aljanu ne. Safira ta yi zaɓi, amma a cikin kejin da ta tarar: bin malamai da ƙulla makirci don korar kishiya. Ramla ta gudu, ta nuna cewa ko a tsakiyar tilas akwai ragowar zaɓi, sai dai tsadarsa ita ce rabuwa da gida.

4.0 Rauni

Raunin littafin shi ne ba a bar mu mun ji zuciyar mazan ba. Mahaifin Ramla ya amince da Aminu, amma ya kasa musa wa ɗan'uwansa. Shin mugunta ce, ko shi ma kunya da tsoron bakin dangi ne suka ɗaure shi? Da an ba shi baki, da muhawarar ta ƙara zurfi, domin za a ga mai tilastawa shi ma yana da nasa marin a ƙafa.

5.0 Kammalawa

Littafin bai yi jayayya da imani da ƙaddara ba. Abin da ya tuhuma shi ne a yi zalunci da gangan, sannan a jingina shi ga Allah. Yana da kyau ɗalibi ya kwatanta shi da Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, ya lura da wanda ke ambaton ƙaddara a kowane littafi, da wanda ambaton yake amfana.