Kwamfuta da Lissafin Labari a Ƙananan Azuzuwan Firamare: Tsokaci

Tun cikin shekarun 1960, lokacin da Patrick Suppes ya soma gwajin koyar da yara lissafi ta hanyar kwamfuta a Jami'ar Stanford ta Amurka, ake ɗora wa wannan na'ura buri mai yawa. Abin da ya shafe mu a nan shi ne lissafin labari, wato tambayar da ake saƙa lambobinta cikin jimloli, sai yaro ya karanta ya gane kafin ya san ko tarawa zai yi ko ɗebewa.

Ba ma musun cewa na'urar tana da amfani. A birnin Vadodara na Indiya, Banerjee da abokan aikinsa (2007) sun nuna cewa 'yan aji huɗu da aka ba awa biyu a mako suna wasannin lissafi daidai da matakin kowannensu sun ci gaba ƙwarai, ko da yake akasarin ribar ta zube shekara guda bayan kammala shirin. A ƙasar Peru kuwa, inda aka raba wa yara ƙananan kwamfutoci, nazarin da aka fitar a 2012 kan makarantu 319 bai ga wani ƙarin maki a lissafi ko harshe ba. Ke nan ba mallakar na'urar ke koyarwa ba, abin da aka zuba mata ne.

Sukarmu ga yawancin shirye-shiryen da ake tallatawa ita ce sun ɗauki lissafin labari a matsayin matsalar lambobi, alhali galibin wahalarsa ta harshe ce. Hudson (1983) ya nuna wa yara hoton tsuntsaye 5 da tsutsotsi 3. Da ya tambaye su da nawa tsuntsayen suka fi tsutsotsin yawa, kashi 25 cikin ɗari na 'yan ajin share fage ne suka amsa daidai. Da ya sauya lafazi ya ce tsuntsu nawa ne zai rasa tsutsa, sai kashi 96 suka ci. Lambobin ba su canza ba, jimlar ce ta canza. Haka nan Riley da Greeno da Heller (1983) sun kasa irin waɗannan tambayoyi gida uku: na sauyi, na haɗi da na kwatanci, suka kuma tarar na kwatanci sun fi ba yara wuya.

Maimakon fuskantar wannan, sai shirye-shirye da dama su koya wa yaro farautar kalma: in ya ga "duka" ya tara, in ya ga "saura" ya ɗebe. Mu gwada da Hausa. Audu yana da lemo 8, ya fi Bala da lemo 3, lemo nawa ne da Bala? Yaron da aka saba wa cewa "fi" alamar ƙari ce zai rubuta 11, amsa kuwa 5 ce. Hausa tana kwatanci ne da aikatau, ba da siffa ba kamar Turanci, don haka fassara shirin kalma da kalma ba zai raba gardama ba. Hasali ma ɗebewa tana cikin ƙirgarmu tun asali, domin mai cewa "ashirin babu biyu" yana nufin 18 ya riga ya yi lissafi, amma shirin da aka gina kan Turanci bai san da wannan gado ba.

Illa ta biyu ita ce na'urar lambar ƙarshe kawai take dubawa. A Grenoble ta Faransa, a 1980, an tambayi yara shekarun matuƙin wani jirgin ruwa mai ɗauke da tumaki 26 da awaki 10, sai 76 daga cikin 97 suka sarrafa lambobin suka ba da amsa. Shirin da ke tafa wa yaro da zarar ya buga lamba yana ƙara dasa wannan ɗabi'a ne. Malami shi ke iya cewa "ya aka yi ka samu haka?" ya kuma saurari bayani.

Bugun 2004 na Manufar Ilimi ta Ƙasa ya tanadi koyarwa da harshen muhalli a shekaru ukun farko na firamare, kuma ko da wane harshe aka koyar, ɗan shekara shida da harshen gida yake tunani. Saboda haka muna ba masu tsara manhaja shawarar kada su amince da wani shiri sai sun ga yana karanta wa yaro tambaya da muryar Bahaushe mai kiyaye karin sauti, yana ba shi damar jera abubuwa a allo kafin ya zaɓi tarawa ko ɗebewa, yana kuma kawo tambaya ɗaya da lafazi daban-daban. A duba har rubutunsa: shirin da ya kasa fitar da ƙ da ɗ da ɓ zai mayar wa yaro da "ƙari" ya koma "kari".