Masu facin Kurayyat, sannunku da aiki

Kwaltar Jidda da rani cin taya take yi, a-kori-kura kuwa ba ta rabo da kaya. Shi ya sa nake jinjina wa masu facin unguwar Kurayyat. Kawo Hilux mai noti shida da wilin wata mota, gwani ba zai ɗaura ba sai ramukan sun hau daidai. Sannan ya duba 'yar na'urar auna iska da ke gindin bawul: ta motocin Amurka galibi 315 MHz ce, ta Turai 433, kwamfutar mota kuwa ba ta jin baƙuwa. In ta dace, ya yi mata rajista, fitilar gargaɗi ta mutu. Iska ma sai taya ta huce yake aunawa, komai gaggawar direba.