Kiɗan Sol a Afirka: Tsakanin Aro da Kwaikwayo

Kiɗan Sol ya samo asali ne daga baƙaƙen fatar Amurka a shekarun 1950, lokacin da mawaƙa irin su Ray Charles suka haɗa salon waƙoƙin coci da kiɗan rawa. Ginshiƙinsa shi ne jagora ya bayar, 'yan amshi su karɓa, tsarin da duk wanda ya saurari Mamman Shata ya san shi. Saboda haka da fayafayansa suka iso Legas da Akara, kunnuwan jama'a ba su ɗauke shi baƙo ba.

Wasu masu sharhi na ganin abin da mawaƙan Afirka suka yi da wannan kiɗa kwaikwayon James Brown ne kawai. Wannan zargi ya hau kan Geraldo Pino, mutumin Saliyo, wanda ya yi tashe a shekarun 1960 ta hanyar maimaita salon Amurkawa da kayan kiɗa masu tsada. Ya tara jama'a, amma masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Lamarin Fela Kuti daban ne. Bayan ya dawo daga Amurka, inda ya je a 1969, sai ya ɗauki amon ƙahonni da jita na Sol ya ɗora su a kan kiɗan Hailaif da na Yarbawa, tare da makaɗin gangunansa Tony Allen. Ya kuma yi waƙa da Turancin Buroka domin talaka ya ji. Wannan shi ne Afrobit. Faifansa mai suna Zombie ya yi wa sojoji zambo, kuma a Fabrairun 1977 sojoji suka ƙone gidansa na Kalakuta. Da a ce kwaikwayo yake yi, da hukuma ba ta damu da shi ba. Sai dai tsawon waƙoƙinsa, da yawansu sun haura minti 10, ya sa sanya su a rediyo ke da wuya.

Haka kuma Manu Dibango na Kamaru ya gauraya Sol da kiɗan Makossa na Duwala a 1972, har Michael Jackson ya ɗauki amshin waƙar a 1982. Mai aro ya zama mai bayarwa ke nan.

Don haka ya kamata malamai su koya wa ɗalibai ma'auni guda: a duba ko kiɗan gida da harshen jama'a ne ke jan ragamar waƙa, ko kuwa baƙon ne.