Likitan da ke gani da kunne

A shekarar 2020, da korona ta tsare mutane a gida, likitocin kunne, hanci da maƙogwaro sun shiga tsaka mai wuya, domin aikinsu leƙa baki da hanci ne, inda cutar ta yi sheƙa. Asibitoci da dama a Ingila sai suka koma sauraron marasa lafiya ta waya. A nan wata gwaninta ta fito fili, wadda har gobe tana burge ni.

Mutum ya wayi gari kunnensa ɗaya ya toshe. Gwanin likita zai ce masa, "Malam, rufe bakinka ka yi mmm. A wane kunne ka fi jin ƙarar?" In a toshasshen ne, galibi datti ne ko ruwa a bayan dodon kunne. In kuwa ƙarar ta koma lafiyayyen, jijiyar ji ake zargi, ita kuwa ba ta jira, cikin 'yan kwanaki ake so a fara magani. A asibiti da wani ƙarfe mai yatsu biyu ake wannan gwaji, wato gwajin Weber. A waya, muryar mutum ce ke tsaya wa ƙarfen.

Mai haɓo ma ana iya taimakonsa daga nesa: ya sunkuya gaba, ya matse tattausan hancinsa minti 10 zuwa 15, kada ya ɗaga kai jinin ya bi maƙogwaro.

Sai dai gani ya kori ji, kuma gwanin ya fi kowa sanin haka. Waya ba ta nuna hujin dodon kunne. Muryar da ta dishe sama da mako uku, musamman ta mai shan taba, dole a zura siririyar kyamara ta hanci a duba maƙoshi. Gaskiya ne, mai zuwa Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna daga ƙauye mai nisa, kiran minti biyar na iya rage masa kuɗin mota. Amma abin da na fi jinjina wa likitan shi ne sanin inda waya ta tsaya.

Uwa ta bugo ta ce hancin yaronta na wari, majina na zuba ta kafa ɗaya. Likita bai tsaya lissafa magani ba, don ya san yara da cusa gyaɗa ko wake, wani lokaci har ɗan batirin agogo mai cin nama cikin awoyi. Sai ya ce, "Hajiya, kada ki sa masa tsinke. Ɗauko shi yanzu, ina jiranku."