Tsohon Soja Bayan An Ajiye Bindiga

Adabinmu ya san soja a fagen daga, amma bai bi shi gida ba. Sa'adu Zungur ya yi "Waƙar Maraba da Soja" don tarbar waɗanda suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan wanda mahaifinsa ya yi yaƙin Bama, ya fitar da Burma Boy a 2007, labarin Ali Banana, yaro ɗan koyon ƙira da ya tsinci kansa a dajin Bama a 1944. Ayyuka ne masu nauyi, sai dai ɗaya ya tsaya a ranar tarba, ɗaya a cikin daji.

Ina sauran shekarun? Ɗan mazan jiya ya dawo ƙauye, ya yi noma, ya yi jiran fansho, da yamma ya zauna da tattabarunsa ko yana kwance tsohuwar rediyo. A nan ne yake lallashin abin da bakinsa ya kasa faɗa, kuma nan ne alƙalumanmu suka tsallake.

Marubutan yankin Geza da Bagudo suna da abin da wasu ba su da shi: Ingila ta ɗebi soja a wannan ɓangaren iyaka, Faransa ta ɗeba a Dahomey, wato Binin ta yau. 'Yan Bama sun kusa ƙarewa. Waɗanda suka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun haura saba'in. Wayar hannunmu tana naɗar murya. Mu je mu gaishe su, mu fara da tambayar tattabarun.